Tabarau da Kunya Uku

Shekarar da na gama kwaleji a Kano na dawo Kafin Dafga da tabarau, alhali idona garau yake. Na saye shi ne don na ga irinsa a hoton wani jagoran baƙaƙen fatar Amirka. Jagororinsu biyu muka karanta a kwaleji. Ɗaya mai wa'azi ne, yana cewa a nemi hakki ba tare da ramuwa ba, ko an sha duka. Ɗayan, mai tabarau, ya ce wanda aka taɓa ya kare kansa. Nan take na bi na biyun, na farkon kuwa na sa masa suna matsoraci, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Na tarar maƙwabcin gonarmu, wani dattijo da ya taso daga Ruwan Bago, ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya haɗe kunya uku na gyaɗarmu. Gonar kakana ce, kuma idan damina ta wuce a haka, shi ke nan sun zama nasa. Baba ya ce a bi a hankali. Na ba shi labarin jagororin nan biyu, na ce masa irin wannan haƙurin ne ya hana baƙar fata ci gaba. Ya dube ni, ya dubi tabarau, ya ci gaba da alwala.

Ranar zuwa gaban dagaci na shirya jawabi, na ƙudurta a tsaye zan yi shi, da takalmina. Muna shiga zaure ƙafata ta cire takalmin ba ta shawarce ni ba. Na tsinci kaina a tsugune. Dattijon ya juyo ya tambaye ni gajiya, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen birni, har ya sa mini albarka. Ina ta lafiya lau, lafiya lau, jawabin ya bi iska. Dagaci ya ce a je a sasanta.

Washegari da sassafe Baba ya ɗauki saiwar gamba ya dasa a tsohuwar iyaka, ya zauna a kan kunyar. Dattijon ya zo, suka gaisa, ya tumɓuke. Gobe ma haka. Rannan har dattijon ya ɗaga masa fartanya, Baba bai motsa ba, ni kuwa ina bayan bishiyar ɗorawa ina goge tabarau. Kunya ta kama ni sosai. A kwana na tara dattijon ya gaji, ya bar gambar a wurinta.

A hanyar gida Baba ya ce, "Mai zafin nan naka, shi ma lafiya lau yake cewa?"

Na ce a'a. Na gaya masa duka biyun harbe su aka yi.

Da muka kusa gari ya ce, "Ashe ba wanda ya ɓuya a bayan bishiya a cikinsu."

Na cire tabarau na sa a aljihu.