Gulbin da ya ƙafe a cikin kwamfuta

Laure na jiran takardarta a wani ofis a Birnin Kebbi, idonta na kan wani siririn mutum mai busasshiyar laka a dugadugi. Yana zaune gaban kwamfuta. So yake kwamfutar ta zana masa hawan ruwan gulbin Rima na bara, amma da layin ya kai Agusta sai ya faɗo ƙasa warwas. Ya sake, ya ja tsaki, ya tura hula ƙeya.

A ranta ta ce, wannan da ƙafarsa yake zuwa awon gulbi.

Can ya buɗe littafinsa. Kwana tara a Agusta bai rubuta komai ba, kwamfuta ta ɗauke su sifili.

"Gulbin ga bai ƙahe ba!" ya daka wa allon tsawa. "Ruwa ya haɗiye sandar awon, ya haɗa da shinkahata ta fadamar Zauro."