Man Da Na Kai Wa Inna

Ni boko aji huɗu na tsaya, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na iya shi ne haɗa man gashi da man shafawa. Shekara ashirin da wani abu ina yin sa a zauren gidana a Kalgo, da tukunya ɗaya da murhun gawayi. Man kaɗe, man kwakwa, ɗan man shanu, turare. In narka, in tace, in zuba a robobi, in ɗaure a bayan mashin in bi kasuwannin ƙauye. Da shi na yi aure, da shi na aurar.

Sai mata suka fara wuce ni. Wata a Wurogauri, wadda ta shekara goma tana saye a hannuna, ta tsaya ta gaya mini a fuska.

"Malam, naka mai nauyi gare shi. Kai ya yi ta naso har kallabi. Na kwalba ɗigo biyu, gashi ya yi ta walƙiya awa na amarya."

"To ki tai ki auri kwalbar," na ce da ita.

Ta yi dariya, ta tafi, kuma ba ta saya ba.

Akwai wani mai shago a Birnin Kebbi da ke sayar wa masu sabulu kayan haɗi. Shi ya nuna mini abin. Ya ɗauko jarka ya tsiyaya mini a murfi. Fari tas kamar ruwan randa, ba wari, ba ƙamshi. Na murza a yatsu na ji santsin da ban taɓa ji ba, ba maiƙo irin na mai, wani sulɓi ne kawai. Ya ce silikon sunansa, shi kamfanoni ke sawa a man gashi da man leɓe da man fuska. Ya ce ba ya ciyar da gashi, lulluɓe shi yake, shi ya sa yake sheƙi kuma mataji ke wucewa ba gardama. Iri biyu gare shi, mai kauri kamar zuma da mai ruwa-ruwa. Na fara da mai kaurin, ya ƙi haɗuwa da man kaɗe, ya rabu ya kwanta gefe, na yi asarar tukunya guda. Na koma na karɓo ɗayan, na koyi gwargwado. Cikin wata biyu matan da suka wuce ni suka dawo.

Na kuma samu dabarar talla. In shafa man a bayan hannuna, in ɗebo ruwa a buta in zuba. Ruwan sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare kamar a ganyen bado, hannu ya fito a bushe yana ƙyalli. Mata su yi ta salati. In ce, kun gani, ko ruwan sama ya dake ki, kitsonki na nan. Ban taɓa tunanin komai a kan wannan ba sai ciniki.

Inna, mahaifiyata, tana Gwandu a gidan da aka haife mu. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Ƙanwata ce ke zaune da ita tun da nata mijin ya mutu. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "wanga". Tsohuwa ce mai tsabta da son gyara, a da awon hatsi take yi a cikin gida. Da ƙaramar salla na kai mata babbar roba ta sabon haɗin. Ta shafa a kai, ta shafa a hannu da ƙafa, fason da ke damunta ya lafa. Mai kitso ta yaba. Inna ba ta yabon mutum, amma duk zuwana sai ta ce, "Wanga, robar ta kusa." Na san yabon ke nan. Shekara ɗaya da wata huɗu ban bari ta yanke mata ba.

Ranar da abin ya faru, Juma'a ce bayan an sauko. Muna tsakar gida, ƙanwata tana tsokanata wai man nawa duk ƙarya ce, turare kawai na ƙara.

"Yaya, kai da ko aji biyar ba ka kai ba, yaushe ka zama injiniya?"

Na ce ta miƙo buta. Na lakato man daga robar Inna, na shafa, na zuba ruwa. Ya gangare. Ƙanwata ta tafa hannu. Na juya in ga ko Inna ta gani, sai na tarar ta ajiye carbinta.

"Sake," ta ce.

Na sake.

"Wanga shi nika shafawa?"

"Shi ne, Inna."

"Ruwa ba ya kama shi."

"Ai nan ne kyansa."

"To ruwan alwalata ina yaka zuwa?"

Wallahi ko sau ɗaya tambayar ba ta taɓa zo mini ba, ni da nake shafa shi a gemu in tafi masallaci. Na ce ai mai ne kamar kowane mai. Ta karɓi butar, ta zuba a nata hannun, ta daɗe tana kallo. Ta sa aka kawo sabulu ta wanke, ta zuba, ta sake wankewa. Sai a na uku ruwan ya kwanta a fatarta yadda ta sani.

Washegari na je na ɗauko Baffa, ƙanin babanmu. Malami ne, mutane na zuwa daga Maruda da Ceberu su yi masa tambaya. Tsakaninsa da Inna akwai wasan ƙanin miji, tun yana saurayi. Ya shigo yana cewa, "Ina matar tawa? An ce kin ƙi abinci don ban kawo cefane ba."

"Zauna, mijin banza. Yau ba wasa na kira ka ba."

Ya zauna. Ya shafa man a hannunsa, ya jira, ya kankara da farce bai samu komai ba. Ya zuba ruwa. Sannan ya yi mata bayani a hankali. Ya ce abin da ke hana alwala shi ne abu mai jiki, kamar kakin zuma ko fenti ko busasshen ƙullu, wanda za a iya ɓamɓarewa. Mai da ya bi fata, ko ruwa ya rarrabu a kansa, bai hana ba. Ya ce da man shanu da wannan hukuncinsu ɗaya. Sallarta ta yi, wankanta ya yi, ba abin da ke kanta.

"Man shanu na san uwarshi," in ji Inna. "Na san saniyar, na san ƙwaryar. Wanga mi ne ne? Cikin littafin naka an ambace shi?"

"Ba a ambace shi da suna ba, Yaya, amma ƙa'ida ta hau kansa."

"Kai ka ga ruwan ya taɓa ni?"

"Ya taɓa."

"Ni ban gani ba. Kuma in an sa ni cikin rami ba kai za a tambaya ba."

Baffa ya yi ta yi har la'asar. Ya ce wannan waswasi ne, kuma waswasi ba ibada ba ne. Ya yi wasa, ya yi faɗa. Da zai fita ya ja ni zaure ya ce, "Ka bar ta kwana biyu, za ta sauko." Bai san ta kamar yadda yake zato ba.

Ta sa ƙanwata ta tsefe mata kai ta aske shi tas da reza. Ta sa aka lissafa mata kwanakin tun daga waccan ƙaramar salla, kowace rana salla biyar. Ta sa aka ƙirgo ƙwayar masara daidai adadin aka zuba a kwanon sha. Ta ajiye wani kwanon babu komai a gefensa. Duk sallar da ta rama, ƙwaya ɗaya ta tashi daga wannan ta koma wancan. Kowace farilla sai ta yi ta biyu, ta yau da ta bashin Ubangiji, haka take cewa. Mace mai shekara saba'in da wani abu, gwiwa duk ta tafi. Baffa ya ce ta yi a zaune. Ta ce a tsaye ta ɓata su, a tsaye za ta mayar.

Kuma ta daina shafa kowane irin mai. Ko man kaɗe zalla na kai mata, ta ce in fita da shi. Da sanyi ya shigo fatarta ta yi fari, dugaduganta suka tsage har suna jini. Ɗaya ya zama gyambo. Muka kai ta asibiti aka wanke, aka ba da na shafawa, ta ce shi ma mai ne. Sai ƙanwata ta faki barcin rana take ɗan shafa mata, in ta farka ta gane ta wanke da ruwan zafi.

Duk Juma'a ina zuwa daga Kalgo. In zauna in ga tana dafa bango tana miƙewa, tana cije leɓe, ƙafa ɗaure da tsumma. In leƙa kwanon in ga kamar ba a taɓa shi ba. Wata shida ana haka. Ran nan ta shiga bayan gida, na tsoma hannu na ɗebi masarar kaɗan na zuba a ɗaya kwanon. Ƙanwata tana kallona.

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Baffa ya ce ba komai a kanta. Masara ce kawai nika matsarwa."

Ta kau da kai. Mako na gaba ita ta tsaya mini gadi a bakin ƙofa. Haka muka yi ta yi, kaɗan-kaɗan, yadda muke ganin ba za a lura ba. Na ƙudura in Allah ya so kafin babbar salla kwanon ya ƙare, Inna ta huta, ƙafar ta warke. Har na fara jin daɗi. Na manta wace ce. Matar da ta shekara talatin tana awo, wadda in an rage mata cikin cokali a mudu sai ta gane da ido.

Wata Juma'a na shigo na same ta zaune a kan tabarma, kwanonin biyu a gabanta. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Kai. Zo nan."

Na durƙusa.

"Tun yaushe?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce wajen wata biyu.

"Nawa ka ɗiba?"

"Ban ƙirga ba, Inna."

"Ba ka ƙirga ba." Ta gyaɗa kai. "Da fari ka kawo min abin da ya raba ni da ruwa, ban ce maka komi ba, don ba ka sani ba. Wanga hwa? Shi ma ba ka sani ba?"

"Tausayinki na ji."

"Ni kaka yi wa wayo, ko wanda nika yi dominai?"

Ƙanwata ta fara kuka tana cewa da ita aka yi. Inna ba ta ko dube ta ba. Ta ɗauki kwanon waɗanda ta rama, na wata takwas, nata na gaskiya da nawa na sata duk a haɗe, ta juye shi gaba ɗaya cikin na farko. Na riƙe hannunta, na makara.

"Yanzu ban san nawa ba, ban san naka ba. Sai a koma farko."

Na ce Inna za ki kashe kanki. Ta ce in tashi in ba ta wuri, lokacin la'asar ya yi. Daga ranar kwanonin suka koma cikin akwatinta, makullin a bakin zanenta.

Baffa ya zo ya yi mini tas a gaban mutane. Ya ce da na bar ta, da yanzu ta ci rabi, da ƙila ya lallashe ta ta yafe wa kanta sauran. Ya shiga wurinta ya fito bai yi wasan da ya saba ba.

Gyambon ya ci ƙafar. Bayan babbar salla ta kasa tsayuwa, ta koma yi a zaune, daga baya a kwance da ishara. Wadda ta yi a kwance ta ramuwa ba ta sa mata ƙwaya, wai ba ta cika ba. Kwana uku kafin ta rasu na zauna kusa da kanta da hantsi na ce ta yafe mini. Idonta a rufe, har na zaci barci take.

"Na yafe maka zancen man," ta ce.

Na jira sauran. Ta juya fuska bango.

Mun kai ta da azahar ranar Litinin. Baffa ne ya yi mata salla. A hanyar dawowa daga maƙabarta ya kama hannuna ya ce in sa a raina ba a bin ta ko raka'a ɗaya, ya rantse mini a kan haka. Na ce na ji. Na yarda da shi ma, har yau na yarda. Amma ita ba ta tafi da wannan sanin ba. Ta tafi tana ganin ana bin ta fiye da shekara, kuma wata takwas daga ciki ta riga ta biya da ƙafarta, ni na mayar mata da su.