Mahasin a Ɗakin da Ba Ƙura

Na san Mahasin tun tana yi wa amare lalle a Giza. 'Yar Hausawan Sudan ce, amma a Alƙahira ta girma, ƙofarsu na kallon tamu. Matan ofishin jakadanci har daga unguwar Ma'adi suke aiko mata mota, don zanenta siriri ne kamar gashi, hannunta kuma ba ya rawa.

Hannun nan ne ya kai ta kamfanin. A ƙarshen shekarun casa'in aka yi ta shelar za a fara ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a ƙasar, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan da ba su kai farce ba. Hukuma ta ba wani kamfani fili a hamada bayan Giza. Aka gwada mata da yawa, aka ɗauki Mahasin cikin masu haɗa siraran wayoyi a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Dokar ɗakin aikin ita ce kada ƙura ta shiga. Ba kwalli, ba turare, ba lalle ko a farce. Sai ta ajiye sana'arta. Na tambaye ta ko ta yi shawara da kowa.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, lalle gogewa yake yi. Wannan kuwa har Japan za a ga aikin hannuna."

An gaya musu babban injin yana hanya daga ƙasar waje, su riƙa gwaji kafin ya iso. Shekara ta wuce, wata ta bi bayanta. Duk ranar da manyan baƙi za su zo, sai a raba musu sababbin fararen kaya, baƙin su tsaya bayan gilashi suna kallo suna gyaɗa kai. Ita kuwa takan dawo da idanu jajur, tana ɗiga musu magani tun cikin mikrobas, ƙaramar motar haya.

Wata rana aka ajiye mata farantin da za ta haɗa wa wayoyi, ta leƙa madubi ta gane shi. Aikinta ne na makon da ya wuce, an tsige wayoyin an maido mata. Ta je wurin mudir, shugaban wurin. Bai musa ba. Ya ce ƙasar da ke ƙera injin ta hana a sayar musu, wai kada ya faɗa hannun abokan hamayyarta. Manya ne ke ja-in-ja, su ba su da ta cewa. Ta tambaye shi yaushe aka hana.

Ya gyara zama ya ce, "Ma'alish, ya Mahasin," wato ta yi haƙuri.

Daga baya muka ji an hana ne tun kafin a ɗauke su aiki. Shi fili irin wannan, hukuma ba ta karɓe shi muddin ana ganin mutane suna aiki a ciki. Ban san wa ya san me ba. Na dai san takardun fili na kammala aka sallame su, ginin ya koma ma'ajiyar talabijin da ake shigowa da su.

Ta nemi komawa lalle, aka kira ta wani biki a Ma'adi. Ta riƙe hannun amarya, ta matso da shi kusa, ta janye shi nesa. Layi ɗaya ta ja, ta ga biyu. Ta goge a hankali, ta ce wa uwar amarya a kira wata tun rana ba ta yi ba.

Yanzu shayi take sayarwa a Wustul Balad, tsakiyar birni, gefen 'yan canji. Idan na bi ta can takan zuba mini, tana laluben bakin kofi da ɗan yatsa. Ba mu taɓa ta da maganar kamfani ba.