Kwandon Inna a Kan Ƙarfen Sabis

Ku da kuka san wana, Yaya Ilu, kun san ba ya karya kumallo sai ya gaida Dogo. Dogo kuwa ba mutum ba ne, ƙarfen sabis ɗin nan ne na bakin garinmu Mabai, wanda ya yi wa gadi har ƙarfinsa ya ƙare. Da hantsi zai buɗe ƙofar shinge, ya yi sallama, ya ɗora tafin hannu kan wayoyi biyun da suka hau sama. Mai kaurin yana ce mata jijiyar wuta, ita ke kai wa akwatunan can ƙoli abincinsu daga inji. Siririyar kuwa jijiyar magana. Ita in ya taɓa sai ya ja istigfari.

Na ce, "Yaya, istigfarin na mi ne?"

Ya ce, "Delu, gulmar Ƙanƙara da Faskari har Sabuwa duk ta nan take bi. Ba sai a roƙa mata gafara ba?"

Ran kasuwa in sabis ya yi nauyi, har gida yake aiko mini: "A gaya ma Delu ta rage, jijiya ta cika." Ni da ko lambar wayata ban haddace ba!

Shi kam har ya koma ga Allah bai riƙe waya ba. Ɗansa ya kawo mashi wata daga Funtuwa, ya jujjuya ta, ya miƙa mashi abarsa. "Ni da ke zaune a gindin magana, mi zan yi da reshe?" In gaisuwa ta kama shi, keke yake hawa har Ƙanƙara.

Sai tattali. Kai, Yaya Ilu! Guntun wayar da injiniyoyi suka yar ba ya kwana a ƙasa. Da shi yake ɗaure takalmi, da shi yake gyaran keke, da shi yake ɗinke kwandon Inna, tsohon kwandon mahaifiyarmu da ya gada, har waya ta fi kaba yawa a jikinsa. Shekara ashirin ina roƙon kwandon nan. Amsa ɗaya ce: "Na Inna ne, ba ni ba kowa."

To, ana nan ana nan, wata bazara shamuwa ta zo. Ta bar rimi, ta bar tsamiya, ta hau kan Dogo ta fara sheƙa, daidai inda jijiyoyin nan suke shiga akwati. Kun san mu, inda shamuwa ta sauka ba a taɓa mata tsinke, baƙuwar damina ce. Amma ƙirare da ƙaya suka danne jijiyar magana, sabis ya riƙa ɗaukewa. Sai ga injiniya Kabiru daga Funtuwa, da hular kwano da ɗamarar hawa, wai ya zo ya zubar da sheƙa.

Yaya ya garƙame ƙofa, ya jefa makulli cikin hula, ya mai da hula ka.

"Baba, buɗe mana."

"Akwai baƙuwa ciki, ta kusa saka ƙwai."

"Baba, in ban gyara yau ba, gobe ofis za su sallame ka."

"Su sallama."

Jama'a suka taru, masu cajin waya da 'yan kasuwar hatsi, kowa da wayarsa a sama yana neman sabis. Aka zo aka kira ni. Da gadin nan fa yake ci da gidansa, gonarsa ba ta kai shi ko'ina. Na ce, "Yaya, a bakin aikinka saboda tsuntsuwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Tsuntsuwa? Duk shekara ita ke kawo labarin ruwa, ba ta taɓa ƙarya ba. Wayarki fa?"

Wuri ya kwashe da dariya, ni kuwa ban yi ba.

Kabiru yaron kirki ne. Ya tsuguna ya ce, "Baba, in na yi mata ɗaki a gefe, nesa da waya, ka yarda?"

"Kan ƙarfe tsirara? Kai za ka kwanta?"

Can sai Yaya ya ciro makulli, ya shiga ɗakin gadi, ya fito rungume da kwandon Inna.

Na yi salati. "Yaya! Kwandon da ka hana ni?"

"Ke kin taɓa saka ƙwai?"

Aka ja kwando da igiya. Kabiru ya ɗaure shi a wani hannun ƙarfe, ya kwashe ƙiraren ɗaya bayan ɗaya ya zuba ciki, ya miƙar da jijiyar magana. Yaya na ƙasa yana ta ihu: "Da bismilla, ɗan nan! A hankali, ba kayan ubanka ba ne!" Kafin Kabiru ya sauko wayoyin mutane sun hau kuka.

Shamuwa kuwa kwana biyu tana shawagi, ta ƙi sauka. Kwana biyun nan Yaya bai taɓa tuwo ba. Ran na uku ta faɗa kwando ta gyara zama. Ya aiko mini: "A gaya ma Delu amarya ta tare, a kawo fura."

Bara da rani Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo canza wayoyin Dogo, Kabiru bai bari an taɓa kwandon ba, ƙara mashi ɗauri ma ya yi. Shekaranjiya wayata ta yi ƙara, sai na ji muryarsa. Ya ce, "Inna Delu, baƙuwar Baba ta iso, ta sauka ɗakinta."

Ta jijiyar nan maganar ta biyo. Na ja mata istigfari, sannan na share ido.

Allah ka jiƙan Yaya Ilu. Yadda ya yi wa baƙuwa masauki, ka yi mashi wanda ya fi shi. Amin.