Gorar Ruwan da Surukina Ya Ƙi Karɓa a Kan Dutse

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan manoman Rawayya, ina ɗinki a Gusau, kuma ina ji da kaina kamar ni na zana garin. Matata 'yar makiyaya ce daga wajen Tsafe. Da ta haihu, mahaifinta, wanda nake kira Baffa, ya zo ganin jika. Dattijo ne siriri, bai taɓa kwana a birni ba. Washegari ya aiko matata ta gaya mini cewa gine-gine sun tare masa ido, shi kuwa bai san wuri ba sai ya hango shi daga sama, yadda yake duba wurin kiwo. Nan take na ce ai an zo wurin, na san wani dutse a wajen gari da ake ganin komai.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Na goya shi a babur da hantsi, na rataya gorar ruwa, muka isa gindin dutsen, muka fara hawa da ƙafa. Wallahi tsohon nan ya fi ni ƙafa. A rabin hanya na miƙa masa gorar, ya kawar da kai ya ce ya gode. Ni kuwa, kai, sai na ɗaga na kwankwaɗa a gabansa, ko a jikina. Ban tuna cewa da safe ma a gabana aka ajiye masa koko bai taɓa ba.

Da muka kai ƙololuwa, ga Gusau nan a shimfiɗe. Hasumiyoyin masallatai sun miƙe, rufin kwano na ta ƙyalli, ga benaye, ga dogayen ƙarafan waya, ga titi ya ratsa gari motoci na bin sa kamar tururuwa. Bakina ya buɗe. Ina nuna masa kasuwa, ina nuna masa unguwarmu, ina ta zuba. Da na ji shiru ya yi yawa na waiwaya, sai na gan shi a zube jikin dutse, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, idanu na lumshewa. Innalillahi! Na durƙusa na kai masa gorar baki. Mutumin da ko hannu ba ya iya ɗagawa sosai, sai ya datse baki ya juyar da fuska.

A nan hankalina ya dawo. A wurinsu babba ba ya ci ba ya sha a gaban mijin 'yarsa, ko da ƙishi zai kashe shi. Na san haka sarai, zaman gari ne ya sa na ɗauka tsohon yayi ne. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga yadda zan koma in gaya wa mai jego cewa na kai ubanta kallo na baro shi a can. Zuciyata na cewa in ɗura masa da ƙarfi, amma na san zai fi son mutuwa da wannan. Sai na buɗe gorar, na danƙa masa ita a hannu, na ce zan zaga. Na koma bayan wani dutse na ba shi baya. Ban taɓa yin jira mai tsawon wannan ba. Can sai na ji maƙogwaro na aiki, ƙwat, ƙwat. Hawaye suka zubo mini.

Da na dawo yana zaune, ya rufe gorar ya ajiye gefe kamar ba a taɓa ta ba. Ya daɗe yana kallon gari. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, lallai garin yana da kyau, kuma yanzu ya san inda 'yarsa take. Har yau bai taɓa tayar da zancen ba. Matata ce kawai ke tsokanata, wai ɗan birni ya kusa mayar da ita marainiya saboda kallon kwano.

Ina kira ga matasa irina, idan kun ɗauko dattijo daga gida, ku ɗauko shi da al'adarsa. In ya ce ya gode, kada ku ɗauka ya ƙoshi. Ni dai na koyi nawa. Baffa ya sake zuwa bara, shi da kansa ya nemi mu koma dutsen. Muna kaiwa sama na ajiye gorar kusa da ƙafarsa, na tafi kallon Gusau ta wancan gefen.