Gwaggo Tabawa da Tunkiyarta Baƙa

Ku da kuka san Gwaggo Tabawa, yayar babana, kun san ƙamshin man gyaɗa ke riga ta shiga gida. Ba wai ci take ba fa. Ita miyarta ko ɗigon mai babu. Man da tunkuzar duk na tumaki ne, su ma sai masu tsohon ciki. Ta ce shi ke sa hantsa ta cika, dakashi kuma, nonon farin nan, ya fito da kauri, launin ɗorawa.

Ina yaro na taɓa kai hannu ƙwaryar zan gutsiri tunkuza, ta maka min muciya.

"Wata nawa cikinka?"

Na ce ba ni da ciki.

"To in ka samu ka dawo."

Ran da malamin dabbobi ya zo rigakafi daga Safana, ta ci ɗamara don gardama. Ta zayyana masa yadda take murza tunkuza da dusa da ɗan mai. Bawan Allah ya ce, "Gaskiyarki Inna, mu ma haka aka koya mana, kada dai man ya yi yawa." Yana hawa babur ta ja tsaki. "Yaran yanzu ba ladabi. Ko musu bai iya ba." Wuni ta yi tana kumbure-kumbure.

Abin da ke sa mu jin tsoro shi ne zamanta a turke da tsakar rana. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru kamar mai jiran amsa, can ta tuntsire da dariya. In ka ce da wa take hira, sai ta ce, "Da masu hankalin gidan."

Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukanmu na wajen Ruma, aka ce kowa ya tashi zuwa Batsari. Gwaggo ta ƙi. Tunkiyarta Baƙa ta kusa haihuwa, kuma Baƙa muguwar uwa ce, ba ta barin ɗa ya kama nono sai Gwaggo ta rungume wuyanta ta karkato shi jikinta.

Na kawo babur ƙofar gidanta na ce, "Gwaggo ki hau, in ɗaure ta a baya."

"Mai ciki za ka ɗaure kamar buhun gero? In ɗan bai sha dakashi da fari ba, ba ya kwana. Wa zai riƙe masa ita, kai?"

Na roƙa, na yi faɗa, wallahi har kuka na yi. Ta ce in tafi kada in ɓata wa Baƙa rai. Na tafi ina jin haushinta.

Da ƙura ta lafa muka koma da hantsi, ni da Baba da wasu dattawa. Gari tsit, ko kukan zakara babu. Muka same ta a ɗaki bisa tabarma, ta lulluɓe da zane, fuska na kallon gabas. Ba wanda ya taɓa ta, kwananta ne ya ƙare. Dattawa suka duba suka ce ba yau ba ne, ba kuma jiya ba.

Na zaga turke don kada a ga hawayena. Baƙa ta haihu, ɗan ko bushewa bai gama yi ba. Tana tsaye cak, wuyanta a karkace gefe guda, ɗan yana tsotso, dakashi na bin haɓarsa. Babu kowa kusa da ita. Na kira Baba.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Kada wanda ya matsa. A bari ya ƙoshi."

Haka muka tsaya cikin rana, manyan maza, ba mai ko tari. Sai da ɗan ya saki don kansa, sannan wuyan Baƙa ya miƙe, ta girgiza kai, ta kai masa harbi.

Allah Ya jiƙanki Gwaggo, Ya sa kin huta. Yadda kika ƙi barin ɗan Baƙa da yunwa, Allah kada Ya bar ki ke kaɗai a kabarinki.