Hoton da Baba Ya Ce a Goge

Jiya a kasuwar Funtuwa wani ɗan gwanjo ya kunna tsohuwar kyamara, bakinta ya fito zuuu, sai na tsaya cak. Irinta Baba ya taɓa sayo mana, shekarar da masara ta yi kyau. Ta hannu ce, an ɗaure murfin batirinta da kyauro, kuma ba ta da katin ajiye hotuna. Mai sayarwa bai faɗa ba, Baba ma bai san ana tambaya ba.

Saboda Kaka, mahaifiyarsa, ya saye ta. Tun damina take ciwo, kuma ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. To ka san tsofaffi, ta ce sai ta yi wanka ta sa kwalli. Kafin ta fito Baba ya gwada a kan kowa, Inna da Baffa da Gwaggo, shi ma maƙwabci ya ɗauke shi jingine da buhunan masara. Kaka na zama a tabarma, kyamara ta ƙi. A danna, shiru. Aka sake batir, aka girgiza ta, Baffa har iska ya hura mata. Sai da aka kira malamin firamare, ya duba ya ce ta cika, sai an goge mutum ɗaya.

Gida ya ruɗe. Goge mutum kuma? Gwaggo ta dafe ƙirji: "Ni za a goge ina raye? Wallahi a'a!" Malamin ya yi ta bayani, babu wanda ya gane. Ni dai na ɗauka wanda aka goge ciwo zai kama shi, na ɓuya bayan Inna.

Baba ya ce, "Malam, goge ni. Ai ina nan."

Kaka ta samu hotonta, ta kuma warke, har ta ga auren jikokinta. Batun kati kuwa kullum sai kasuwa mai zuwa, har ya shiririce. Baba bai kai girbi na gaba ba. Na san ajali ne, amma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Yanzu 'ya'yana kan ɗauki hoto goma su goge tara suna dariya. Nakan so in yi faɗa, in rasa laifinsu. Rannan ƙaramar ta ce in nuna mata fuskar mahaifina. Na ɗauko mata hoton Kaka, na ce ta dubi goshin da hancin, sauran sai dai in kwatanta mata da baki.